Babi na Shida: Allon Fikilbol, Fuskarsa da Cikinsa

Wata uku da fara wasan fikilbol, na shiga wani kantin kayan wasanni na zube dala 180 na ɗauko allon bugu. Amurkawa da sunan filafilin kwalekwale suke kiransa, amma duk wanda ya zauna gaban malam da yamma, ya ga wannan abu mai faɗi da 'yar ƙota a gindi, allo zai ce, don haka allo za mu kira shi a wannan babi. A jikin kwalin an yi alkawarin cewa fuskarsa tana cafke ƙwallo. Na shafa ta da babban yatsa, na ji kamar na taɓa samfefar kafinta, na biya ko tayi ban yi ba.

Makonnin farko abin ya yi armashi. In na shafo ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, sai ta tsallake raga ta dunƙulo ƙasa tun kafin ta kai layin baya. Kafin wata biyu ya cika, bugun nan dai, da hannun nan dai, ya fara wuce layi da taki guda. Na zargi iska, na zargi ƙwallo, har takalmina na zarga.

Wani dattijo da muke haɗuwa a filin unguwa ne ya raba gardama. Ya karɓi allon, ya karkata shi ga hasken rana, ya nuna mini wani wuri a tsakiya, faɗinsa bai fi tafin hannun yaro ba, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Ya ce, "Samari, allonka ya yi sanƙo." Ya sa yatsana a gefe, na ji kaushi. Ya ja shi zuwa tsakiya, na ji santsi. Nasa allon kuwa tsoho ne, an naɗe bakinsa da baƙin salatif, fentinsa duk ya koɗe. Da shi ya ci ni 11 da 4 a ranar, kuma ban tuna ya yi bugu mai ƙarfi ko sau ɗaya ba.

Abin da na koya a wannan rana shi ne jigon babin nan. Abubuwa uku ake nema a allo: murɗin ƙwallo, da saiti, da ƙarko. Na farkon shi ake yi wa shela a talla, shi ne kuma yake riga sauran mutuwa. Wanda ya gane haka tun kafin ya buɗe jakarsa ya huta da rabin asara.

Daga katako zuwa daɓen jirgin sama

A shekarar 1965, lokacin da Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum suka ƙago wasan a tsibirin Bainbridge na jihar Washington, ba su da wani allo na musamman. Filin badminton suka samu, da allunan ƙwallon tebur, da wata ƙwallon roba mai huji-huji. Allunan teburin sun yi ƙanƙanta kuma ba su jure ba, sai aka koma yankan katako. McCallum ya riƙa yanka su da zarto a gidansa. Kusan shekara ashirin, fikilbol wasan katako ne: allo mai nauyi, mai santsi, wanda ba ya san komai sai mayar da ƙwallo inda ta fito.

A 1984, shekarar da aka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasa a Amurka aka kuma fitar da littafin dokoki na farko, wani injiniyan kamfanin Boeing mai suna Arlen Paranto ya kawo abin da ya sauya komai. Ya san irin fallen da ake daɓe cikin jirgin sama da shi: fata biyu sirara, a tsakaninsu wani abu mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, ga rashin nauyi ga ƙarfi. Ya yanko shi ya yi allo. Har yau yawancin allunan duniya a kan wannan tsari suke: fuska biyu, saƙar zuma a tsakiya, leɓen roba ya zagaye baki, ƙota a gindi.

Abin da ya ƙaru shi ne kasuwa. Ƙididdigar ƙungiyar masana'antun kayan wasanni ta Amurka ta nuna 'yan wasan ƙasar sun tashi daga miliyan 4.8 a 2021 zuwa miliyan 19.8 a 2024. Inda jama'a suka taru haka, 'yan kasuwa ba sa nisa. Yanzu akwai allo na dala 20, akwai na sama da dala 250, kuma kowanne kwalinsa cewa yake shi ne sarki.

Doka ta ɗan taƙaita rigimar. Hukumar USA Pickleball ta ce tsawon allo da faɗinsa, in an haɗa, kada su wuce inci 24, wato kimanin santimita 61, kuma tsawon shi kaɗai kada ya wuce inci 17. Kauri da nauyi kuwa ba ta sa musu iyaka ba. A cikin wannan ɗan shinge ne masu ƙira suke ta fafatawa.

Fuska: inda murɗi yake zaune

Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ƙwallon ƙafa ya lanƙwasa bugun tazara ya zagaye katangar 'yan baya, ya san murɗi. Ƙwallon da take juyawa a iska tana jan iskar gefe guda, sai ta karkata. Wani masani Bajamushe, Gustav Magnus, ya bayyana dalilin a 1852, har yau da sunansa ake kiran abin. A fikilbol, amfaninsa mafi girma shi ne murɗin gaba: ka shafo bayan ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, ta tafi tana wulwulawa, iska ta danno ta ƙasa. Filin gajere ne, ƙafa 44 kacal a tsawo, 20 a faɗi, raga kuma inci 34 a tsakiya. Daga layin baya zuwa raga ƙafa 22 ne. Mai son ya buga da ƙarfi kuma ƙwallo ta faɗi a ciki, dole ya murɗa ta.

Matsalar ita ce ƙwallon fikilbol ba ta da gashi kamar ta tanis, allon kuma ba shi da zaruruwan da za su kama ta. Roba ce mai tauri, nauyinta bai kai giram 27 ba, da huji 26 zuwa 40. Haɗuwarta da allo ƙiftawar ido ma ta fi ta tsawo. A cikin wannan ɗan lokaci, abin da zai hana ta zamewa shi ne kaushin fuska.

Hanya biyu ake samar da kaushin nan, kuma sanin bambancinsu ya fi sanin sunan kowane kamfani amfani. Ta farko ita ce a fesa ko a shafa wani abu mai tsakuwa-tsakuwa a saman fuskar, kamar yadda ake yayyafa yashi a ɗanyen fenti. Irin wannan shi ya fi kaushi a kanti, shi ya fi ruɗar yatsa, shi ne kuma ya yi mini sanƙo cikin wata biyu. Ta biyu ita ce ta allunan da ake kira masu ɗanyen kabon. Ana shimfiɗa zaren kabon da danƙon da ke riƙe shi, a ɗora wani ƙyalle a kai, in ya bushe a ɓare ƙyallen, sai shatin saƙarsa ya zauna a jikin danƙon. Za ka yawaita ganin an rubuta T700 a kwali; sunan wani nau'in zaren kabon ne na kamfanin Toray na Japan. A lura da kyau: kaushin a jikin danƙon yake, zaren yana ƙarƙashi. Ya fi na feshi daɗewa nesa ba kusa ba, amma shi ma yana cinyewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kaushin ma yana da iyaka a doka. Ana auna shi da na'ura, a ma'aunin da ya fi silin gashi sirantaka, kuma wanda ya wuce gona da iri ana cire shi daga jerin allunan da aka yarda da su. A 2022 hakan ta faru da allunan kamfanin CRBN, sai da suka sake fito da wasu. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, allunan kirki duk sun taru a bakin iyaka ɗaya. Masu gwada su da kyamara sukan samu juyi wajen 2,000 a minti ɗaya daga mafi yawansu in suna sababbi. Tazarar da ke tsakanin na dala 100 da na dala 250 a wannan fanni ba ta taka kara ta karya ba. Haramun ne kuma ka manna wa fuskar samfefa ko roba da kanka.

Hukumar ba ta tsaya kan allo kaɗai ba. An yi wani zamani da 'yan wasa suka ƙware wajen murza ƙwallo da yatsu kafin su buga bugun farko, ta sauka ta yi tsallen da ba wanda ya san inda za ta nufa. An hana murzawa da hannu biyu a 2022, aka hana ta hannu ɗaya a 2023. Tun daga nan, murɗi sai wanda allo da wuyan hannu suka haifar.

Wuyan hannun kuwa shi ne babba. Allo mai kaushi a hannun wanda yake tura ƙwallo kai-tsaye ba zai murɗa komai ba. Gwani kuma zai murɗa ta ko da allon da ya fara santsi, sai dai kaɗan ya rage. Wanda bai riga ya koyi shafo ƙwallo ba, in ya biya kuɗin kaushi, kafin hannunsa ya faɗa kaushin ya tafi.

Kafin ka yanke wa allonka hukuncin sanƙo, goge shi. Ɓurɓushin robar ƙwallo yana cike ƙananan ramukan fuska har ta yi santsin ƙarya. Ana sayar da wani ɗan dunƙulen roba na gogewa, kamar magogin fensir, wanda yake kwashe shi daga fuskar ɗanyen kabon. In ka goge kaushi ya dawo, datti ne. In bai dawo ba, ya tafi ke nan.

Ciki: inda saiti yake zaune

Mai kallon fikilbol daga nesa yakan ɗauka wasan duka ne. Wanda ya shiga ya san yawancin maki a bakin kicin ake yanke su. Kicin shi ne yankin nan mai ƙafa 7 a kowane ɓangaren raga, inda aka hana mutum ya tsaya ya tare ƙwallo a iska. 'Yan wasa huɗu sukan jeru a bakin layinsa, ƙafa 14 kawai tsakaninsu, suna lallaɓa ƙwallo tana ɗan tsallake raga tana faɗawa, kowa yana jiran wanda zai ɗaga ta fiye da kima. Ka ɗaga ta da tsawon ɗan yatsa, sai ka ji ta a ƙirjinka.

Ka dubi hannun gwani a wannan lokaci. Riƙonsa sakwa-sakwa ne, kamar mai riƙe da ɗan tsako. Ƙwallo ta zo masa da gudu, ba ya kai mata duka, allon kawai yake tara mata, ta mutu a kansa ta faɗa bayan raga. Abin da ake nufi da saiti ke nan: ka iya kashe gudun ƙwallo, ka ajiye ta inda ka yi niyya, sau goma a jere. Wannan aiki cikin allo ne yake yinsa.

Saƙar zuman farko ta Nomex ce, wata takarda mai tauri da aka jiƙa da danƙo, sai kuma ta alminiyum. Nomex tana da ƙarfi da ƙara, ƙwallo tana barinta da sauri. Yau mafi yawan alluna da roba ake saƙa cikinsu, irin robar da ake kira folifurofilin, wadda ta fi laushi da ƙarancin amo. Amon ma ba ƙaramin zance ba ne, domin a garuruwa da dama na Amurka maƙwabtan filaye sun kai ƙara kan wannan ƙwas-ƙwas ɗin da ba ya ƙarewa.

Lambar da ta fi muhimmanci a jikin kwali ita ce ta kauri. Allo mai milimita 13 ko 14 siriri ne, yana mayar da ƙwallo da zafi, yana daɗi wajen musayar hannu da sauri. Mai milimita 16 ya fi shanye bugu, ya fi yafiya. Milimita biyu ko uku kamar ba komai ba, amma hannu yana jin su tun daga bugun farko. Kayan fuska ma suna sa baki: zaren gilashi yana ɗan lotsawa ya wurgo ƙwallo, don haka ya fi ƙarfi; kabon ya fi tsayawa daram, ya fi ba ka labarin abin da ya faru a bugu.

Sai batun cibiya. Kowane allo yana da wurin da in ƙwallo ta sauka, bugu yake fita cif, hannu bai ji girgiza ba. Kauce mata kaɗan, sai allon ya murɗe a tafinka, ƙwallo ta mutu a raga. Ƙwararre kusan kullum a cibiya yake bugu, don haka ƙaramar cibiya ba ta dame shi ba. Ni da kai kuwa, rabin bugunmu a gefe yake sauka. Allo mai faffaɗar cibiya shi yake rufa mana asiri.

A nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Sukan ga allon da wani zakara kamar Ben Johns yake riƙewa, su ce shi suke so. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Wanda sana'arsa ke nan, yana atisaye kullum, saitinsa a hannunsa yake, ƙarin ƙarfi yake nema a allo. Mai wasa sau biyu a mako ƙarfi ba ya cikin matsalolinsa. Ƙwallonsa ba gajartawa take yi ba, tashi take yi ko ta wuce layi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙirga kurakuranka a wasa uku. In yawancinsu ɗagawa ne da wuce layi, allo mai kauri kake bukata. In kuwa kana saita ƙwallo yadda kake so amma ka kasa kashe ta ko an ɗaga maka, to lokacin neman mai zafi ya yi.

Siffa, nauyi da ƙota

Tunda doka ta ce tsawo da faɗi kada su wuce inci 24, duk abin da ka ƙara wa ɗaya, ɗayan ka rage wa. Allo na gargajiya yakan kasance inci 16 da 8: faffaɗa, mai saurin juyawa, mai yalwar cibiya. Dogo yakan kai 16.5 da 7.5: yana miƙa hannunka, yana ƙara ƙarfi da murɗi domin kansa ya fi gudu a lilo, amma cibiyarsa ta fi matsewa kuma ya fi jinkiri a bakin kicin. Akwai na tsaka-tsaki da ya ɗebi kaɗan daga kowanne. Waɗanda suka fito daga tanis, da masu wasan mutum ɗaya-ɗaya, sun fi son dogo. Mai wasan bibbiyu da bai daɗe da farawa ba, faffaɗa ko na tsaka-tsaki ya fi masa.

Yawancin alluna nauyinsu yana kewayen oza 8, wato kimanin giram 225. Sai dai sikeli ba ya faɗin gaskiya duka. Ɗauki guduma ta ƙota ka kaɗa, sannan ka juya ka riƙe ta kai ka kaɗa: nauyin bai canza ba, amma hannunka ya san ba ɗaya ba ne. Haka alluna biyu za su zo daidai a sikeli, ɗaya nauyinsa a ka, ɗaya a kusa da ƙota. Mai nauyi a ka yana duka da kyau, yana kuma gajiyar da gwiwar hannu. Wanda yake fama da ciwon gwiwar hannu ya yi hattara da shi. Ya kuma yi hattara da wanda ya cika rashin nauyi, domin shi kuma girgizar bugu yake miƙa wa hannu.

In kana shakka, ɗauki mara nauyi kaɗan. Doka ta yarda a manna siririn salatif na dalma ko na tangastan a gefen allo. Giram biyu ko uku a kowane gefe, a ƙasa-ƙasa kusa da wuya, suna hana shi murɗewa ba tare da sun rage masa sauri sosai ba. Ƙara nauyi abu ne mai sauƙi, ragewa ce ba ta yiwuwa.

Haka zancen ƙota. Kewayenta yakan kama daga inci 4 zuwa 4.5. Wadda ta yi maka ƙanƙanta, naɗi ɗaya ko biyu sun gyara ta. Wadda ta yi maka girma ba ta da magani, kuma tana ɗaure wuyan hannu, wanda shi ne uban murɗi. Mai bugun baya da hannu biyu ya nemi ƙota mai tsawon inci 5.5 ko fiye, don hannu na biyu ya sami wurin zama.

Ƙarko: lissafin da kwali ba ya yi maka

Raket ɗin tanis, in zarensa ya saki, sai a sake masa wani, ya yi shekaru yana aiki. Allon fikilbol ba haka yake ba. Fuskarsa da cikinsa a manne suke, in ɗaya ya gaji, duka ne suka gaji. Saboda haka allo ya fi kama da tayar mota: abu ne da ake cinyewa.

Wuri uku yake mutuwa. Fuska ta yi santsi, kamar yadda muka gani. Leɓe ya ɓalle, musamman ga masu kwasar ƙwallo daga ƙasa, wanda ɗan salatif na kariya yake hanawa. Na uku, wanda ido ba ya gani, ciki ya ruguje. Wajen 2022 zuwa 2023 aka yayi wata ƙira da ake gasa allo cikin zafi da matsi har ya zama dunƙule ɗaya, da soso a zagaye da bakinsa. Ta ƙara ƙarfi, ta faɗaɗa cibiya, ta rage karyewar ƙota. Amma a wasu allunan, zafin da yawan duka sun sa ramukan saƙar suka murƙushe, ko fuska ta rabu da ciki. Irin wannan allo yakan fara da ruɗin mai shi, domin ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, ƙwallo ta riƙa fita kamar daga gwafa. Daga nan sai saiti ya gudu, bugu ɗaya ya ba ka sakamako uku.

Gwajin ba wuya. Yadda mai sayen tukunyar ƙasa take ƙwanƙwasa ta ta saurara, haka za ka bi fuskar allo da gaɓar yatsa, daga ka zuwa wuya, daga gefe zuwa gefe. Lafiyayye muryarsa ɗaya ce ko'ina. In wani wuri ya yi amon ganga, ko ya yi shiru kamar ka bugi katifa, akwai matsala. Sannan ka danna tsakiya da manyan yatsunka biyu kusa da kunne. In ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye, ciki ya tafi. Don maganin wannan ciwo ne wasu kamfanoni suka fara fitar da alluna masu cikin soso zalla, ba saƙar zuma. Cikinsu ba ya murƙushewa irin na da, amma fuskarsu tana sanƙo kamar kowa.

Akwai kuma mutuwar da doka take kawowa. A watan Mayun 2024, USA Pickleball ta cire sababbin allunan kamfanin JOOLA da ake kira Gen 3 daga jerinta, bayan mutane sun riga sun saye su da tsada. A ƙarshen shekarar ta shigo da sabon gwaji na auna yadda allo yake wurgo ƙwallo, wasu sanannun alluna suka faɗi. Wanda zai shiga gasa, ya duba jerin hukumar a intanet kafin ya biya, kada ya dogara da tambarin da ke jikin allo, domin jabu sun yi yawa a kasuwannin intanet. Allon da aka ƙera a kan bakin iyakar ƙarfi shi ya fi kusa da faɗawa ramin doka.

Yanzu lissafi. A ce kana wasa sau uku a mako, allo kuma ya riƙe kaushinsa wata shida. Fita 78 ke nan. Na dala 250 ya ci maka sama da dala 3 a kowace fita, na dala 100 kuwa bai kai ɗaya da rabi ba. In da mai tsadar yana daɗewa ninki biyu da rabi, da sun yi kunnen doki, amma danƙo danƙo ne, ba ya duba farashi kafin ya cinye. Yawancin allunan nan a masana'antun Sin ake ƙera su, da kaya iri ɗaya, kuma wani kaso na tsadar manyan sunaye kuɗin talla ne da na ɗaukar nauyin 'yan wasa. Wannan ba ya nufin a koma wa na dala 20, domin araha ba ta ado: katako ko fuskar feshi za su riƙe ka a baya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, gaskiya ne, sai dai a wannan kasuwa nagari a tsakiya yake zaune. Wata dabara kuma ita ce sayen yayin bara, wanda farashinsa yakan faɗi da zarar sabo ya fito.

Karanta garanti kafin ka biya. Wasu wata shida suke bayarwa, wasu shekara, wasu su ce muddin rai. Kusan dukkansu aibin ƙira suke ɗauka, kamar ƙotar da ta karye ko fuskar da ta ɓanɓare; santsin fuska kuwa sukan ce tsufa ne, ba ruwansu. Ka ajiye rasit, ka yi rajistar allon in sun bukata. Sauran kuma kulawa ce: kada ka bar shi cikin mota a rana, domin zafi yana sassauta danƙo, ka sa shi a riga, ka daina buga shi da na abokinka da ƙarfi in kun ci maki.

Kafin ka zura hannu a aljihu

Zuwa da kai ya fi saƙo. Kantuna da kulob-kulob da yawa suna ba da allunan gwaji, kuma 'yan fikilbol ba su da rowar aro. In ka samu, kada ka fara da duka, domin kowane sabon allo yana da daɗin duka. Tsaya a bakin kicin ka lallaɓa ƙwallo ashirin. Koma layin baya ka gwada sauke ta cikin kicin sau goma. Sa abokinka ya yi ta dukan ƙwallo zuwa jikinka, ka ga ko za ka iya kashe gudunta. Da gangan ka buga wasu da gefen allo, ka ji yadda zai yi maka. Sai a ƙarshe ka gwada murɗi, kana sane da cewa abin da ka gani yau shi ne mafi kyawun da zai taɓa ba ka.

Ni dai da na koma kasuwa, mai milimita 16 na ɗauka, na tsaka-tsaki, mai fuskar ɗanyen kabon, a kan kuɗin da bai kai rabin na farko ba. Na kai wa dattijon nan ya gani. Bai ko shafa fuskar ba. Ya ƙwanƙwasa shi wuri huɗu, ya kaɗa shi sau biyu, ya miƙo mini. Ya ce, "Ba laifi. To zo bakin kicin." Muka yi rabin awa ba mu ƙirga maki ba, ƙwallo tana tsallake raga tana dawowa, shi yana cewa in sassauta riƙo. Wannan lallaɓawar, da yadda ake koyonta, ita ce zancen babi na gaba.